Haƙuri da Shaidar Mai Ciwo: Ciwon Jijiyar Fuska a Ƙasar Abzin

Daga cikin tambayoyin da malaman tauhidi da masana falsafa suka daɗe suna juyawa akwai tambayar amfanin ciwo, kuma amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce ciwo mai gargaɗi ne, domin shi ke sa mutum ya janye hannu daga wuta, ya tsaya ya cire ƙaya daga tafin ƙafa, ya kuma daina taka ƙashin da ya karye har ya ɗoru. Duk wanda ya san abin da kuturta ke yi wa yatsun da suka daina jin zafi, yadda suke ƙonewa suna gutsurewa mai su bai sani ba, ba zai yi jayayya da wannan amsa ba. Sai dai akwai ciwon da amsar ba ta kai gare shi, wanda ba ya nuna rauni, ba ya hana wata ɓarna, ba ya kuma barin alamar da ido zai gani, alhali likitoci sun lissafa shi cikin mafi tsananin raɗaɗin da ɗan Adam ke iya ji. Shi ne ciwon jijiyar fuska mai rassa uku, kuma a wuri irin ƙaramar hukumar karkara ta Dannet da ke gundumar Arlit, cikin jihar Agadas, inda tarbiyya ta ginu a kan dauriya, inda kuma zuwa wurin likitan jijiya ke cin kwanaki da guzuri mai yawa, wannan ciwo yana tilasta a sake duba abin da ake nufi da haƙuri, da nauyin da addini ya ɗora wa waɗanda ke zaune kusa da mai ciwo.

Jijiyar da ake magana a kanta jijiyar ji ce, wato irin zaren da ke kai saƙon taɓawa da zafi da sanyi daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, saɓanin wadda jini ke gudu a cikinta. Ita ce ta biyar a jerin jijiyoyi 12 da ke fitowa bibbiyu daga ƙwaƙwalwa da tushenta, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kuma likitoci suna kiranta tirijeminal saboda ta rabu gida uku: reshen sama yana kula da goshi da ido, na tsakiya yana kula da kunci da gefen hanci da leɓen sama da haƙoran sama, na ƙasa kuma yana kula da haɓa da leɓen ƙasa da haƙoran ƙasa da gaban harshe. Ciwon yakan kama gefe ɗaya na fuska, ya fi yawa a dama, ya kuma fi zama a reshen tsakiya da na ƙasa. Masu fama da shi suna cewa kamar jan wutar lantarki ne ko sukar mashi, yana zuwa farat ɗaya, ya ɗauki daƙiƙoƙi kaɗan, ba kasafai yake wuce minti 2 ba, sannan ya saki mutum kamar ba a yi ba, amma yana iya komowa sau da yawa a yini guda. Abin da ya bambanta shi da sauran ciwuka shi ne ƙanƙantar abin da ke tayar da shi, domin taɓawa mai sauƙi ta isa, kamar tauna, da magana, da wanke fuska, da asuwaki, da aski, da busowar iska mai sanyi a kunci. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, ya fi yawa a cikin mata, kuma binciken da aka yi a Turai da Amurka ya nuna cewa a kowace shekara yana kama tsakanin mutum 4 zuwa 29 cikin kowane 100,000, gwargwadon wurin binciken da yadda aka yi ƙidayar.

Wanda ya san zaman Dannet zai gane cewa kusan duk abin da ke tayar da wannan ciwo yana cikin hidimar yau da kullum ta mutanenta. Ƙasa ce ta makiyaya Abzinawa, a kudu da garin Arlit, wadda hanyar yuraniyom da ta taso daga Tawa ta bi ta Agadas ke ratsawa, kuma a nan yankin ne ma'adinin yuraniyom na Imuraren yake, wanda aka gano tun 1966. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, iskar arewa maso gabas tana busowa da sanyi da ƙura a fili marar kariya, mutum kuma ba shi da zaɓin ɓuya a ɗaki idan raƙuma da awaki na jiran a ja musu ruwa a rijiya, ko idan tafiya ta kama shi a bayan babur ko a saman buɗaɗɗiyar mota. Namiji yana da rawani da amawali, waɗanda ke tare masa iska, ko da yake gogar ƙyallen a kan kunci ita ma tana iya tayar da ciwon, kuma suna ɓoye yamutsewar fuskarsa daga idon jama'a. Mace, wadda ciwon ya fi kamawa, fuskarta a buɗe take a al'adar Abzinawa, kuma a kanta daka da girki da ɗiban ruwa suke.

Game da dalilin ciwon, abin da likitoci suka tabbatar a mafi yawan masu fama da shi shi ne wata jijiyar jini ce, galibi wadda ke kai jini saman ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, ke jingina da jijiyar ji daidai inda take shiga tushen ƙwaƙwalwa, tana bugunta da kowane bugun zuciya shekara da shekaru, har rufin jijiyar ya zaizaye. Wannan rufi, wanda ake kira mayelin, wani maiƙo ne da ke naɗe zaren jijiya yadda roba ke naɗe wayar lantarki, kuma idan ya goge sai saƙon taɓawa mai sauƙi ya tsallaka zuwa zaren da ke ɗaukar zafi, ƙwaƙwalwa ta karɓe shi a matsayin azaba. A wasu ƙalilan kuma ƙari ne ke danne jijiyar, ko cutar da garkuwar jiki ke cinye rufin jijiyoyi, akwai kuma waɗanda ba a samun komai a hotonsu. Wannan sani bai zo rana ɗaya ba. Masu tarihin likitanci sun nuna cewa Isma'il al-Jurjani, likitan Farisa na ƙarni na 12, ya siffanta ciwon fuska irin wannan ya kuma danganta shi da kusancin jijiyar jini da jijiyar ji. Likitan Faransa Nicolas André ya rubuta a kansa a 1756, John Fothergill ya yi masa cikakken bayani a Landan a 1773, sannan a 1934 likitan tiyata na Amurka Walter Dandy ya bayar da rahoton abin da ya gani da idonsa na jijiyar jini kwance a kan jijiyar.

Wasu suna jin kamar sanin irin wannan dalili yana rage wa imani da ƙaddara ƙarfi, amma aƙidar da aka karanta a zaurukan wannan yanki tun ƙarnuka ba ta ga karo a tsakaninsu ba. Imam Muhammad ɗan Yusuf as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wanda kuma ɗalibai daga Agadas zuwa Katsina suka haddace ƙaramin littafinsa na tauhidi, Ummul Barahin, ya ware abin da ya kira hukuncin al'ada, wato haɗuwar abu da abu da ake ganewa ta hanyar maimaituwa, kamar wuta da ƙuna ko abinci da ƙoshi, ba tare da an ba wa ɗayansu ikon kansa ba. A wannan fahimta, bugun jijiyar jini a kan jijiyar ji sababi ne da Allah ya gudanar da al'adarsa a kansa, kuma binciken sababi karatun wannan al'ada ne. Tambayar da ta fi wuya ita ce ta hikima, wato me ya sa za a halicci raɗaɗin da ba ya gargaɗin komai. Mu'utazilawa sun amsa da cewa wajibi ne a saka wa duk wanda ya sha wuya ba da laifinsa ba, Ash'ariyawa kuma, waɗanda tafarkinsu ne malaman Malikiyya na Afirka ta Yamma suka bi, sun ƙi ɗora wa Allah wani wajibi, suka ce sakamako falala ce da ya yi alkawarinta, hikimar kuma tana iya ɓoyuwa ga bawa. Abin lura a nan shi ne babu ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu da ya ba wa mai lafiya izinin fassara ciwon ɗan'uwansa da cewa horo ne a kan wani zunubi, kuma kissar Annabi Ayuba, alaihis salam, ta isa ta rufe wannan ƙofa.

Inda al'amarin ya fi nauyi shi ne wajen gano ciwon, domin babu gwajin jini da ke nuna shi, babu zazzaɓi, babu kumburi, kuma likita zai iya duba fuskar mai ciwon ya same ta lafiya lau. Hoton maganaɗisu, wanda ake kira IRM a Nijar, MRI kuma a Nijeriya, ana yin sa ne domin a kore ƙari da makamantansa, a kuma duba ko akwai jijiyar jini da ke danna jijiyar, amma hukuncin cewa wannan ciwo ne yana fitowa ne daga bakin mai ciwon: yadda zafin yake, tsawon lokacin da yake ɗauka, gefen da yake kamawa, da abin da ke tayar da shi. Ma'ana, hujjar da likita ke aiki da ita shaidar mutum ce a kan jikinsa, shaidar da ba ta da mai goya mata baya. Idan kuwa haka ne, duk abin da ya hana mai ciwo magana, ko ya hana masu sauraro gaskata shi, ya toshe hanyar magani tun daga bakin ƙofa.

Tarbiyyar wannan ƙasa kuwa tana girmama kame baki a kan wahala. Abzinawa suna da abin da suke kira takarakit, wato kunya da kamun kai a gaban surukai da manya da baƙi, Hausawa kuma suna da kunya da kara da dauriya, kuma a duka al'ummomin biyu raki abin zargi ne, namiji ba ya kuka da ciwo, mace ma ana yaba mata idan ta haihu ba a ji muryarta ba. Waɗannan ɗabi'u suna da daraja ta gaskiya, su ne suka riƙe mutane a fari irin na 1973 da 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare aka watse zuwa garuruwa. Amma idan aka ɗauke su aka sa musu rigar addini, har aka ce wanda ya bayyana zafin da yake ji ya rasa haƙuri, an yi kuskure mai tsada. Malamai sun rarrabe tsakanin fushi da hukuncin Allah, wanda shi ne kishiyar haƙuri, da bayyana ciwo ga wanda zai iya taimako, wanda halal ne, wani lokaci ma wajibi. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Ayuba yana kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, kuma bai hana a yabe shi da haƙuri ba. Annabi Yaƙuba ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, alhali shi ne ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ambaci ciwon kansa a gaban Nana A'isha, ya kuma faɗa wa Abdullahi ɗan Mas'ud tsananin zazzaɓinsa. Haƙuri aikin zuciya ne wajen karɓar hukunci, kuma yana iya cika a cikin mutumin da ke zaune gaban ma'aikacin jinya yana nuna masa da yatsa inda zafin ke tasowa.

Rabin nauyin kuma yana kan masu sauraro. Mai wannan ciwo yakan daina magana a tsakiyar zance, ya daskare, ya kai hannu kusa da kunci ba tare da ya taɓa ba, bayan minti ɗaya kuma ya koma daidai, sai na kusa da shi su soma zargin ko raki ne, ko neman a kula da shi, ko kuma taɓin iskokai ko sammu. Yakan bar wanke gefen fuskarsa, ya bar asuwaki, ya guji cin abinci cikin jama'a, ya rame saboda tsoron tauna, kuma likitoci sun san cewa baƙin ciki mai tsanani da yanke ƙauna suna bin wannan ciwo idan ya daɗe ba a kula ba. Mafi yawan kuskuren da ake yi a ko'ina cikin duniya shi ne ɗora laifin a kan haƙori, tunda zafin yana bin reshen da ke kula da haƙora. A 1677 masanin falsafa John Locke, wanda likita ne kuma, ya duba matar jakadan Ingila a birnin Faris tana fama da irin wannan raɗaɗi, ya rubuta cewa an riga an cire mata haƙora biyu ba ta sami sauƙi ba. Fiye da shekara 300 bayan haka ana ci gaba da cire lafiyayyun haƙora saboda wannan dalili, kuma haɗarin ya fi girma inda wanzami ko mai cire haƙori na kasuwa ya fi likita kusa. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne ciwon yakan tafi da kansa na makonni ko watanni, har shekara, kafin ya komo, saboda haka duk abin da aka yi na ƙarshe kafin ya lafa, cire haƙori ne ko ƙaho ko turare, shi ke samun yabon da bai cancanta ba.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne ake aiki da shi a Abzin, yana da abin cewa a nan fiye da yadda ake zato, domin alwala ta ƙunshi kusan duk abin da ke tayar da ciwon. A wannan mazhaba wanke fuska farilla ne, cuɗawa ma, wato bin gaɓa da hannu yayin wankewa, farilla ce, amma kurkurar baki da shaƙa ruwa sunna ne, asuwaki kuma mustahabbi, saboda haka wanda waɗannan ke jefa shi cikin azaba yana iya barinsu alwalarsa ta inganta. Game da fuskar kanta, Shehu Halil ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 14, ya tsara a Muhtasar ɗinsa matakan sauƙi ga mai rauni: idan wankewa za ta cutar sai a shafa, idan shafar ma za ta cutar sai a shafa a kan abin da aka rufe wurin da shi, idan kuwa taɓa wurin ya gagara gaba ɗaya, kuma yana cikin gaɓoɓin taimama, wato fuska da hannuwa, sai a bar shi a yi wa sauran gaɓoɓi alwala, tunda komawa taimama ba zai raba mutum da taɓa fuska ba. Haka kuma wanda ba zai iya kai goshi ƙasa ba yana yin nuni a maimakon sujada. An gina waɗannan hukunce-hukunce a kan rauni da ƙurji da ciwon ido, kuma shigar da ciwon da ba a gani cikinsu aiki ne na malamin da ya fahimci yadda ciwon yake, amma ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu ta riga ta buɗe hanya, domin masu sharhi irin su Shehu Ahmad ad-Dardir sun bayyana cewa tsoron cuta ko ƙaruwarta yana tabbata ta hanyar abin da mutum ya jarraba a jikinsa, ko ta labarin likita masani. Wato shari'a ta karɓi shaidar mai ciwo a kan jikinsa a babin ibada, wanda shi ne mafi girman babi, ba ta nemi ya kawo jini ko kumburi ba.

Akwai hadisin Jabir da Abu Dawud ya ruwaito, na mutumin da dutse ya fasa wa kai a tafiya, ya wayi gari da janaba, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba su ga yana da shi ba tunda ga ruwa, ya yi wanka ya mutu. Da labari ya kai ga Manzon Allah sai ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, ya zarge su da yin fatawa ba tare da tambaya ba. Ayar alwala kanta, ta 6 a Suratul Ma'ida, ta ƙare ne da bayanin cewa Allah ba ya nufin sanya ƙunci a kan bayinsa. Limamin da ya ga tsohuwa tana tsallake rabin fuskarta a alwala ya tsawata mata kafin ya tambayi dalili yana tafiya ne a kan sawun waɗancan matafiya.

A garuruwan yuraniyom akwai wani zato na dabam da ke shiga tsakanin mai ciwo da ganewar ciwonsa. Tun da kamfanin SOMAIR ya soma haƙa a Arlit a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978, mutane suke zaune da ƙurar ma'adini da tulin tarkacensa, kuma binciken ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa daga 2003, da rahoton Greenpeace na 2010, da fafutukar ƙungiyar Aghir In'man ta mutanen garin, sun nuna gurɓacewa a wasu rijiyoyi da tituna da tsoffin ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa. Saboda haka wanda ya danganta kowace baƙuwar cuta da ma'adini yana da uzuri, kuma iskar radon da ake shaƙa a ramin haƙa sananniyar sababin sankarar huhu ce, yuraniyom a ruwan sha kuma yana cutar da ƙoda. Amma ciwon jijiyar fuska ana samunsa a ƙasashen da ba a taɓa haƙa yuraniyom ba, an kuma siffanta shi ƙarnuka kafin a san ma'adinin, kuma dalilan da aka tabbatar masa su ne waɗanda aka ambata a baya. Adalci yana buƙatar a rarrabe, domin ɗora wa ma'adini abin da ba nasa ba yana raunana ƙarar waɗanda ya cutar da gaske, yana kuma sa mai ciwon fuska ya ɗauka cewa nasa ba shi da magani.

Alhali yana da shi. Magungunan zafi da aka saba, irin su farasitamol, ba sa yi masa komai, tiramol kuma, wanda ya zama annoba a tsakanin matasan yankin, ba maganinsa ba ne, sai dai ya ƙara wa mutum jaraba a kan ciwo. Abin da ke aiki shi ne karbamazefin, maganin farfaɗiya da likitan Suwidin Sigfrid Blom ya nuna amfaninsa ga wannan ciwo a 1962, wanda ke kwantar da tartsatsin jijiya, wanda kuma ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Mafi yawan masu ciwon suna samun sauƙi cikin kwanaki kaɗan da soma shi. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali a ƙarƙashin kulawar likita, domin yana kawo jiri da barci, yana rage gishirin jini, yana iya taɓa hanta da ƙwayoyin jini, yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu magungunan ƙanjamau, yana da haɗari ga ɗan tayi, kuma ƙurajen da suka fito bayan soma shi alama ce ta a gaggauta komawa asibiti. Akwai ɗan'uwansa okskarbazefin da wasu magunguna da ake komawa gare su idan jiki bai karɓe shi ba. Wanda ciwon ya kama shi yana ƙasa da shekara 40, ko ya kama gefe biyu, ko ya zo da mutuwar fata ko raunin ji, shi ne ya fi buƙatar hoto da gaggawa.

Kasancewar maganin na farfaɗiya ne yana tuno da hadisin da masu fifita barin magani suka fi kafa hujja da shi, na baƙar matar nan mai farfaɗiya da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas, wadda aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Sai dai ana yawan mantawa da abu biyu a cikinsa: ita ce ta zo da bakinta ta faɗi ciwonta a fili, kuma bayan ta zaɓi haƙuri ta nemi a yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana idan ta faɗi, aka kuma yi mata. Zaɓin nata ne, ba wani ya yi mata shi ba, kuma bai hana ta neman a ɗauke mata ɓangaren da ke taɓa mutuncinta ba. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa sabuban kawar da cuta gida uku a babin tawakkali na littafinsa Ihya'u: tabbatacce, kamar ruwa ga ƙishirwa, wanda barinsa haramun ne idan ana tsoron halaka, wanda ake kyautata zato, kamar ƙaho da shan magani, wanda yin sa ba ya warware tawakkali, da na wahami, kamar lalas da wuta. A bisa lafazinsa karbamazefin yana aji na biyu, amma idan ciwo ya kai mutum ga barin ci da sha, magani kuma an jarraba shi a dubban mutane an ga aikinsa, to ya matso kusa da aji na farko, kuma mai hana iyalinsa shi da sunan tawakkali yana kashe haƙurin wani ne, ba nasa ba. Malaman wannan yanki ma ba su ɗauki likitanci baƙon ilimi ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basur.

Idan magani ya gaza, ko illarsa ta fi ƙarfin mai sha, akwai tiyata. Mafi ɗorewarta ita ce wadda Peter Jannetta ya yaɗa daga 1967, inda ake buɗe ƙaramar kafa a ƙashin bayan kunne, a ɗaga jijiyar jinin daga kan jijiyar ji, a sa ɗan matashi a tsakaninsu. A rahoton da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1996 kan mutum 1,185, kashi 70 cikin 100 ba su da ciwo kuma ba sa shan magani bayan shekara 10, ko da yake aikin yana da haɗarin raunin ji da wasu matsaloli da ba kasafai suke faruwa ba. Akwai kuma hanyoyin da ake bi ta kunci da allura a raunana jijiyar da zafi ko da sinadarin gilisarol ko da matsin ƙaramar balan-balan, da kuma haskawa da na'urar da Lars Leksell ya ƙirƙiro, waɗanda suka fi sauƙi ga tsofaffi amma sukan bar mutuwar fata, ciwon kuma ya fi saurin komowa bayansu.

Tsakanin wannan ilimi da rijiyoyin Dannet akwai tazarar da ake aunawa da kilomita: kusan 240 daga Arlit zuwa Agadas a kan titin da ya daɗe da lalacewa, sannan fiye da 900 daga Agadas zuwa Yamai, inda likitocin jijiya da na tiyatar ƙwaƙwalwa suka taru. Shekaru da yawa asibitocin da suka fi kayan aiki a yankin na kamfanonin haƙa ne, a Arlit da Akokan, kuma makomar irin waɗannan hidimomi tana tafiya da makomar ma'adinin: COMINAK ta rufe a ƙarshen Maris na 2021, gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga kamfanin Orano a Yunin 2024, ta kuma mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a Yunin 2025. Al-Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, wato wajibin da idan wasu suka tsaya da shi ya sauka daga kan saura, idan kuwa aka rasa mai yi kowa ya yi laifi, kuma a wannan ciwo kaso mafi girma na wajibin bai buƙaci na'ura mai tsada ba. Yana buƙatar ma'aikacin jinya a cibiyar lafiya ta karkara ya san ya tambayi mai ciwon haƙorin da haƙorinsa lafiyayye ne ko zafin kamar jan wuta yake, ko gefe ɗaya yake kamawa, ko taɓawa da iska na tayar da shi, ya kuma tambaya cikin Tamashek ko Hausa, a inda suruki ko baƙo ba ya ji, tunda a gabansu amsar da za a samu ita ce lafiya lau. Yana kuma buƙatar maganin kada ya yanke a kantin cibiyar, domin ana shan sa kullum ne, ba sai ciwo ya taso ba, daina shi farat ɗaya kuma yana iya komo da raɗaɗin, ga makiyayin da damina ta kai shi nesa da titi wata biyu ko uku kuwa, dole a ba shi abin da zai ishe shi, a kuma shirya ranar da zai komo a duba jininsa.